Mikilos Mai Alfadara da Igiyar Majalisa

Duk lokacin da Mikilos ya sauko daga duwatsu ya hango ganuwar Lokiri, sai ya tsayar da alfadararsa, ya zura hannu a jakar guzuri, ya ɗauko zaitun guda, ya cinye naman, ya bar ƙwallon a bakinsa. Da shi yake shiga ƙofar gari. Masu gadi su gaishe shi, ya amsa da ka. Ya ratsa kasuwa yana juya ƙwallon daga wannan kunci zuwa wancan, ba ya tofarwa sai ya sauke kaya a ƙofar gidansa. Baƙi kan ɗauka bebe ne. Mu 'yan gari mun san dalili, ba ma cewa komai, don kowa yana da irin tasa dabarar.

Dokar ta girmi ganuwar. Duk wanda ya dawo daga wajen gari, daga teku ne ko daga gona, ya buɗe baki ya ce, "Me aka samu sabo?" to a ci shi tara. A ganin kakanninmu, mai ɗokin ya ji wani abu ya faru, so yake wani abu ya faru, gari mai zaman lafiya kuwa ba ya bukatar irinsa. A kan matafiyi kaɗai dokar ta tsaya, amma kunya ta ƙarasa abin da doka ta bari. Sannu a hankali tambaya ta zama abin raini a bakin kowa, ba da labarin da ba a nema ba kuma ya zama tsegumi. Haka muka taso.

Shi kuwa Mikilos da tambaya aka haife shi. Gajere ne, mai manyan kunnuwa, sana'arsa hawa duwatsu ya sayo cuku wajen makiyaya da gawayi wajen masu ƙona itace. Kwana tara yake yi kafin ya sauko, kwana tara kuwa suna da yawa ga mutum irinsa. Yana saurayi an ci shi tara sau uku, ta ukun da jakin da ya gada ta tafi. Daga nan ya koma wa ƙwallon zaitun, ya bar wa idanunsa aikin da aka hana bakinsa. In ya ga ƙofa a rufe, ko rufin ɗaki sabo, ko mutum ya canza hanyar da ya saba bi, sai ya haɗa labarin a ransa. Yawanci ba daidai yake haɗawa ba.

Matarsa Biyota ta wajen kakar kakarta ta haɗa jini da ɗaya daga Gidaje Ɗari, manyan gidajen asali na garin, mu kuwa ta wajen uwa muke lissafa asali, saboda haka ba a cika kwana uku ba ta tuna masa ba. Yakan kira ta 'yar manya, ita kuma ta kira shi mai alfadara. Abu biyu take faɗi a kansa a bakin rijiya. Na farko, wata rana sai ya faɗo daga hanyar dutse shi da dabbarsa, kuma kada a ce ba ta faɗa ba. Na biyu, in ya tashi gaya miki ya sayi albasa, daga kakan mai gonar yake farawa.

Abin ya faru ne bayan tsinkar inabi, suna da shekara talatin da aure. Mikilos ya iso gida da la'asar, ya tarar da tulu cike da ruwa a ajiye a bakin ƙofarsa. Kowa ya san gidan da ake ajiye wa tulun ruwa a ƙofa: gidan da aka yi mutuwa, domin masu fita su wanke hannu. Ya shiga. Murhu ya yi sanyi, an lulluɓe masaƙa da tsumma, babu Biyota. Ya sake fitowa, sai ga maƙwabciyarsu za ta wuce. Ta dube shi, ta dubi tulun, ta sunkuyar da kai, ta ƙara sauri.

Tambaya ta zo masa har bakin haƙora. Amma yanzu ya shigo gari, doka kuwa ba ta faɗi ranar da mutum yake daina zama matafiyi ba. Tararsa ta biyu ma kwana biyu da dawowarsa aka ci shi. Sai ya zauna a dakali ya haɗa labarin da kansa. Kwanansa tara a duwatsu, a rana ta uku ake binne mamaci. Komai ya zauna daidai: Biyota ta rasu.

Ya ɗauko wuƙar yankan cuku ya datse gashinsa, ya yafa baƙin mayafi, ya zauna a zaure. Da gari ya waye maƙwabta suka gan shi haka, suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya wanke hannu a tulun.

"Sai haƙuri, Mikilos."

"Haka ne."

"Abin ya zo ba zato."

"Ba zato kam."

Babu wanda ya tambayi wa ya mutu, shi kuma sunan ya ƙi fitowa daga bakinsa. Waɗansu suka ɗauka Biyota ce, waɗansu suka ɗauka 'yarsu ce da ke da tsohon ciki a wata gona hayin kogi. Ɗan kawunsa Dorkon, mai gashin gurasa, ƙaton mutum mai saurin hawaye, ya kawo kwando biyu. Mikilos ya sa aka yanka bunsurun da Biyota ta yi wata shida tana kiwo don bikin Farsifona, uwargijiyar da muke bauta wa, ya ce ita ma da ta so a karrama baƙi. Mata suka taru a tsakar gida suna kuka cikin dabara, ba su ambaci kowa ba. Maƙwabciyar nan ta fi kowa ɗaga murya. Ita ce ta ari tulun, ta ɓalle masa baki, ta dawo da shi cike da ruwa don a ga ba ya yoyo. Ta yi ta kuka tana satar kallon ƙofa.

A rana ta uku Biyota ta dawo daga hayin kogi, inda 'yarsu ta haifi namiji lafiya lau. Tana ɗauke da kwandon ɓaure a ka. Ta ga tulu, ta ji kuka. Ita ma daga wajen gari take, ba ta da bakin tambaya, kuma ba ta ga wani abin tambaya ba, don shekara talatin tana faɗi. Ta shiga ta ƙofar mata, ta yi jifa da kwandon, ta zube a ƙasa.

"Wayyo Mikilos! Wayyo dutse ka ci amanata! Shekara talatin bai taɓa ɗaga mini murya ba! Cukun da ya fi kyau ni yake ɓoye wa a ƙasan buhu, ya ce wai bai sayu ba! Na yi ta yi masa gorin asali, to yau ina asalin? Ku kawo mini Gidaje Ɗarin su sauke mini gawayi!"

Mata suka dubi juna. Ba wadda ta ga ya dace ta ba da labarin da ba a nema ba.

A zaure kuwa Mikilos yana riƙe da hantar bunsuru, bango ɗaya ne tsakaninsu. Dorkon ya dafa shi.

"Ɗan'uwa, wannan muryar fa..."

"Na ji."

"To ka tashi mana!"

"Yi shiru. Bari ta kai ƙarshe."

Sai da ta fara maimaita abin da ta riga ta faɗa sannan ya tashi ya leƙa tsakar gida, kansa a gwaigwaye. Biyota ta tsaya a tsakiyar wani wayyo. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ɗaga hanci.

"Mai alfadara, ƙanshin me nake ji? Bunsuruna ne?"

Kafin sati ya zagayo, sunansa a kasuwa ya koma mijin marigayiya. Ya je wajen wanzami a gyara masa ɓarnar da wuƙar cuku ta yi, ya tarar da mutum goma sha ɗaya suna jira, duk da ba dukansu ne masu gashi ba.

"A'a, mijin marigayiya! Ya ƙarin haƙuri?"

"An ce marigayiyar ta murmure har tana jifa da ludayi."

"Ku bar shi," in ji wanzami. "Mutum nawa ne a garin nan ya ci naman zaman makokinsa da bakinsa?"

Mikilos ya daure har aka kai rabin kai. Sannan ya ce, ba da ƙarfi ba, "Ba laifina ba ne. Laifin dokar ne. Kamata ya yi a canza ta."

Askar ta tsaya. Wanzami ya ce, "Ai igiya tana nan a rataye."

Igiyar da yake nufi ita ce ta majalisa. Duk mai son a kafa sabuwar doka ko a canza tsohuwa, sai ya tsaya a gaban Majalisar Dubu da zarge a wuyansa ya faɗi dalilinsa. In hannuwa sun tashi masa, a cire masa ya tafi gida. In ba su tashi ba, a ja nan take. Tsofaffin da suka fi kowa tsufa ba su taɓa ganin an sauko da ita don wani ba. Riƙe bakin igiyar gadon gidan su Dorkon ne, mahaifinsa ya yi shekara arba'in a kan aikin, iyakar abin da ya taɓa yi shi ne shanya ta sau ɗaya a shekara saboda asu.

Mutum goma sha ɗaya suna kallon Mikilos, suna jiran ya yi dariya a wuce wurin. Shi ma ya yi niyyar dariyar. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "To a sauko da ita."

Ya tashi da rabin aski ya tafi gidan Harilas, shugaban majalisa, dattijo mai dogon gemu wanda ba a taɓa ganin haƙoransa ba. Harilas ya sa ya maimaita sau biyu, ko zai ji abin da yake faɗi. Ya maimaita. Aka sa ranar tsayuwar wata.

Biyota ba ta yi masa gorin asali ba a wannan rana.

"Ka koma ka ce zazzaɓi ne ya sa ka."

"Na riga na faɗa a gaban mutane, 'yar manya."

"Kai kullum cikin faɗa kake, wa yake sauraronka? Yau da ka faɗi abin da zai kashe ka, shi ne kowa ya ji?"

Da ta ga ba zai koma ba, sai ta tsara masa magana biyar, gajeru, ta sa shi haddacewa yana tsaye a tsakar gida da igiyar shanya a wuya. Ta kuma shiga ɗura masa wake da man zaitun, wai ko wuyan zai yi kauri. Dorkon ya zo sau uku yana share ido, yana cewa shi ko kaza matarsa ce ke yanka masa. Duk garin kuwa ya san yadda hannuwa za su kasance. A ɓoye kusan kowa ya taɓa cin karo da dokar nan. Amma ɗaga hannu a bainar jama'a, a ce kakanni sun yi kuskure, wannan wani abu ne dabam.

Ranar ta zo. Da hantsi aka zauna. Aka sauko da igiyar, ta ƙage, tana warin ɓera, sai da Dorkon ya taka ta da ƙafa kafin zargen ya buɗu. Ya sa wa Mikilos, ya koma baya taku huɗu, ya riƙe bakin da yatsa biyu. Harilas ya tashi ya faɗi ƙa'idojin kamar yadda aka gada. Ba a katse mai igiya, sai in ya faɗi abin da ba haka yake ba, a nan wajibi ne a gyara masa. Ba a ɗaga hannu sai ya ce da bakinsa ya gama. In rana ta faɗi, majalisa ta tashi.

Mikilos ya buɗe baki zai faɗi ta farko cikin biyar ɗin. Ya waiwaya ya ga Dorkon, hawaye har cikin gemu. Ya ji kaushin igiyar a maƙogwaronsa. Duk biyar ɗin suka gudu, ba wadda ta tsaya.

"Ya ku mutanen Lokiri," in ji shi, "domin ku fahimci maganar tulu, dole ku san hanyar dutse. Domin ku san hanyar dutse kuwa, dole ku san alfadarar."

Da rana ta take tsaka yana kan uwar alfadarar, wata goɗiya mai cizo da aka kawo daga Koroton. Da la'asar ya dawo kan ita alfadarar, da irin ciyawar da ke sa ta gudawa. Harilas ba shi da ikon katse shi, sai dai ya yi tari, ya kuwa yi har maƙogwaronsa ya dushe. Waɗansu suka yi barci. Inuwar ganuwa ta rufe dandali, rana ta faɗi, Mikilos bai ma ɗora kaya ba balle ya kama hanya.

Dattawa suka haɗa kai suna raɗa. Ba a gama magana ba, ba damar ɗaga hannu. Ba a ɗaga hannu ba, ba damar ja. Harilas ya yanke cewa mai igiya zai ci gaba a zama na gaba. Dorkon ya cire zargen da sauri har ya kusa tafiya da kunne.

Biyota tana zaune a bakin rijiyar da ke bayan dandali tun safe, da tulu wanda ba ta cika ba.

"Ka gama?"

"Ban kai kan tulu ba tukuna."

Ta miƙe, ta gyara mayafinta. "To kada ka yi gaggawar kaiwa."

Zama na biyu ya zo daidai da ranar saukowarsa daga duwatsu, ya wuce dandali da ƙurar hanya a ƙafa. Yana cikin bayanin yadda ake ɗaure cuku don kada ya tsage, sai ya so ya ba da misalin wahalar matafiyi.

"Kamar ni yanzu, da na shigo na ga rumfar wanzami a rufe. Ina zaton ya tafi Regiyon sayen aska."

"Ba haka ba ne!" in ji wani daga baya. "Surukarsa ce ta fasa masa kai da taɓarya."

Mikilos ya waiwaya wajen mai maganar. Ya ce, "Ashe. Na gode da gyara." Masu barci suka farka, don rabin majalisar ma ba su sani ba. Ya ɗan lashi leɓe. "Ina zaton kuma haka kawai ta fasa masa, ba dalili."

"Ba haka ba ne!" Wannan karon murya uku ce, kowace da dalilinta.

Daga ranar majalisa ta canza. A da sai mai shela ya bi kasuwa yana roƙo kafin a cika kujeru. Yanzu tun asuba ake kama wuri, masu gasasshen wake da masu ɓaure suka kafa rumfuna a bakin dandali. Mikilos ya yi ta zato, ana yi masa gyara. Wa ya saki, wa ya haihu, jirgin wa ya nutse, me ya haɗa Regiyon da maƙwabtanta. Masu jiragen ruwa kan tare shi a hanya su ce, "Baba, in ka tsaya, ka yi zaton alkama ta yi araha a Koroton." Ya yi zaton, a gyara masa, kowa ya san inda zai kai kayansa. Ko sau ɗaya bai yi tambaya ba, ba kuma wanda ya yi tsegumi, gyara kuskure a gaban majalisa wajibi ne. Harilas bai bar tari ba, amma an lura yakan karkato da kunnensa mai ji.

Haka aka yi shekara goma sha ɗaya. Matar Dorkon ta naɗe wa zargen ulu daga ciki, ba wanda ya ga ta yi. Alfadarar ta mutu, aka sayi wata, wannan kaɗai ya ci zama biyu. In wani baƙo ya ce wa Mikilos wuyansa yake ceto, sai ya ce shi dai bayani yake yi, mutanen Lokiri ba su son a bar su cikin duhu.

A shekara ta goma sha biyu, cikin sanyi, ya sauko ya ratsa gari tun daga ƙofa har unguwarsu, duk wanda ya haɗu da shi sai ya kau da kai. Ya iso ya tarar da tulun ruwa a bakin ƙofa. Ya yi dariya, ya ce ba za a kama shi sau biyu ba. Ya shiga yana kiran 'yar manya. 'Yarsu ce ta fito daga ɗaki, gashinta a datse.

Bayan an share makokin Biyota ya je wajen Dorkon, ya same shi a bakin tanda.

"A zaman nan zan gama."

Dorkon ya bar gurasa ta ƙone. "Ɗan'uwa, ka san hannuwan nan ba za su tashi ba."

"Na ratsa gari kaf, Dorkon. Mutum nawa na wuce? Ko ɗaya bai gaya mini ba."

Dorkon ya bi gidaje a kwanakin da suka rage, yana zato da ƙarfi a kowane zaure, ana gyara masa. Abin da ya tattaro bai canza ba. Kowa ya ce Mikilos yana da gaskiya. Kowa ya ce shi dai ba zai fara ɗaga hannu ba, sai ya ga na kusa da shi.

Ranar zama dandali ya cika kamar kullum, amma ba a sayi wake ba. Aka sa zarge. Mikilos bai yi zaton komai ba. Maganganu biyar ɗin da Biyota ta tsara masa, waɗanda suka gudu shekara goma sha ɗaya, suka dawo a jere, ya faɗe su ɗaya bayan ɗaya, ba ƙari. Mutane ba su taɓa jin ya yi magana mai kai da gindi haka ba, tsoro ya kama su. Rana ko gashin kai ba ta fara ba.

"Saboda haka, ya ku mutanen Lokiri, ni na..."

"Ba haka ba ne!"

Harilas ne. Ya haura tamanin, sai da mutum biyu suka ɗaga shi. Mikilos ya juyo.

"Wanne ne ba haka ba, ranka ya daɗe?"

Harilas ya yi tari, ya dubi sama, ya dubi ƙasa. "A zaman farko ka ce alfadararka ta farko ja ce. Fara ce. Na daɗe ina so in gyara."

"Fara?" Wanzami ya miƙe tsaye. "Ranka ya daɗe, da girmanka? Baƙa ce wuluk! Ta taɓa harbina a nan, ga tabon!"

"Ja ce, kai dai taɓarya ta taɓa maka ƙwaƙwalwa!"

"Wa ya ce ja? Ya fito ya rantse da Zeyus!"

Majalisar Dubu ta rabu gida uku. Gyara kuwa in an ɗauko shi, dole a daidaita kafin mai igiya ya ci gaba. Aka kira shaidu. Wani ya ce a aika duwatsu a tambayi makiyaya, aka tuna masa ba a tambaya. Tsofaffin da suka yi barci a zaman farko su suka fi kowa tunawa. Kowa yana ihu, kowa yana satar kallon inuwar ganuwa, ita kuwa kamar an ɗaure ta.

Mikilos yana tsaye yana kallonsu. Ya dubi Dorkon, wanda ya saki igiyar har tsakiyarta tana kwance a ƙasa. Ya dubi Harilas, da ke riƙe da kafaɗar wani yana haki, yana ta nanata fara ce. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗaga hannu, aka yi tsit.

"Toka-toka ce," in ji shi. Ya gyara zaman zargen a wuyansa. "Amma domin ku fahimci yadda aka yi ta zama toka-toka, dole ku san uwarta."

An ce har bakin teku aka ji ajiyar zuciyar da dandali ya yi. Masu wake suka hura wuta.

Ya ƙara shekara huɗu yana bayani. Da yake ya koma farko, ya bi hanyar a hankali fiye da dā, yana tsayawa a kowace bukka da kowane marmaro. A zamansa na ƙarshe ya sauko da mu daga dutse, ya kawo mu bakin kogi, saura tafiyar rabin yini a hango ganuwa.

Bayan kwana goma wani makiyayi ya shigo gari yana jaye da alfadarar, kaya a ɗaure yadda Mikilos yake ɗaurewa. Ya tsaya a tsakiyar kasuwa tun safe. Ba wanda ya tambaye shi, shi ma bai ga fuskar da zai fara ba. Can da azahar Dorkon ya fito daga tanda, ya je ya tsaya kusa da shi, yana shafa wuyan dabbar.

"Ina zaton ɗan'uwana yana tafe a baya," in ji shi, ba kowa yake duba ba.

"Ba haka ba ne, baba," in ji makiyayin.

Dattawa sun zauna a kan maganar. Ba a ɗaga hannu sai mai igiya ya ce da bakinsa ya gama, Mikilos kuwa ya rasu bai ce ba. Saboda haka dokar tana nan yadda take, ƙarar ma tana nan yadda take. Duk tsayuwar wata mai shela yakan kira sunansa, a ɗan jira, sannan a shiga batun magudanar ruwa. Mu dai a bakin kogi ya bar mu. Ya ce ruwan ya ƙaru a shekarar, alfadarar ta sa ƙafa ɗaya ta tsaya, shi kuma ya tuɓe takalmansa yana neman inda ya fi sauƙin hayewa, sai rana ta faɗi.